Ranar da Aka Jawo Motar Baba

Har gobe in aka ambaci Barira a Madarumfa, sai wani ya ce, ai ita ce wadda ta tozarta ubanta a kan kwalta. Ni ce. Tunda kowa ya ba da labarin yadda ya ga dama, har da waɗanda ranar suna can cikin fadama ba su ga komai ba, bari ni ma in ba da nawa, ni da nake zaune cikin motar da goyo a cinya.

Mijina Ɗan Azumi shofer ne, wato direba. Sunan nan nasa ma da na kama, na san wata za ta ƙara shi cikin laifuffukana, to ta ƙara. Shekaru ya yi yana bin manyan motoci, ya ɗora buhu ya sauke buhu, ya kwana a ƙarƙashin kamiyo, babbar motar kaya, kafin ya samu permi, takardar nan ta izinin tuƙi. Ba shi da gona sai wani ɗan fegi da ko akuya ba zai riƙe ba. Wannan 'yar takarda ita ce gonarmu, ita ce rumbunmu. Har baduku ya sa ya ɗinka mata gida na fata, kullum tana aljihun ƙirjinsa. Wani attajiri a Maraɗi ya ba shi kamiyo yana ja, kuma ranar da ya miƙa masa makulli ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa duk ranar da permi ya tafi, makulli ya dawo.

Babana kuwa ɗan kasuwa ne, atamfa da goro yake fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi. Mutum ne mai kyauta, ba na hana shi wannan, amma yana son a gan shi fiye da yadda yake son abinci. A ƙarshen damina, shekara guda kafin Nijeriya ta canza hannun tuƙi, ya tafi da ni Katsina duba gwaggona da ba ta da lafiya. Ashe duba gwaggo rabin tafiyar ce. Wata tsohuwar ƙaramar mota ya je saye, baƙa, sitiyarinta a hannun dama irin na can. Lokacin su suna bin hagun hanya, mu muna bin dama, in ka ƙetare iyaka sai ka sauya. 'Yan kwanakin da muka yi, kullum da yamma wanda ya sayar masa da ita yana kai shi filin Idi yana koya masa zagaye. Abu ɗaya ya dasa masa a kai, ina ji da kunnena yana ta maimaita masa: in ka ga mota ta taho, koma hagu, koma hagu.

Direban mai motar ne ya tuƙo mu har Ɗan Issa a bakin iyaka, aka gama da 'yan duwan, wato kwastan. Daga nan Baba ya sallame shi, ya ce sauran hanyar shi zai ƙarasa da kansa, don ba zai shiga garinsu wani ƙato na riƙe da kan motarsa ba. Na ce Baba ai ba ka da takarda. Ya ce in rufe masa baki, takarda ce ke tuƙi ko hannu? Muka kama hanya muna layi, ni ina ta karanto duk addu'ar da na iya. Allah ya taimake mu hanyar ba kowa, kuma ba mu yi wani nisa ba motar ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta mutu murus, rabinta a kan kwalta. Wallahi a raina hamdala na yi.

Baba ya fito ya buɗe gaban motar ya tsura wa ƙarafa ido, kamar za su ji kunyarsa su tashi. Ni na shiga gefen hanya na karyo rassan sabara na jera a kan kwalta gaba da baya, yadda na ga shofofi na yi don masu tahowa su san akwai matacciyar mota. Ko wannan sai da ya yi mita, wai na yi shelar abin da bai kai a yi shela ba. Wata mota ta zo wucewa, muka ba direbanta saƙo ya gaya wa maigidana a tashar Madarumfa, don ranar yana can yana lodin albasa.

Kafin ya iso, wani jandarma ya biyo hanyar a kan babur. Mutum ne dogo mai sanyin magana. Ya zagaya motar, ya tambayi wa ya tuƙo ta. Baba ya ce direba, ya tafi neman taimako. Na sunkuyar da kai na gyara wa 'yata Ladi zama. Jandarman bai ja magana ba, sai ya gaya mana yadda doka ta ce a jawo mota a kan babbar hanya: da sarƙa ko igiya mai ƙarfi, ba doguwa ba, a ɗaura jan ƙyalle a tsakiyarta don a gan ta, a tafi a hankali, wanda zai riƙe sitiyarin matacciyar motar sai mai permi, kuma ban da shi kada kowa ya zauna ciki. Ya ce zai kai Ɗan Issa ya dawo, kada ya tarar da ita a nan. Baba ya ce to, to, madalla, yana murmushin nan nasa na kasuwa.

Maigida ya iso bayan azahar. Shi ba sai an gaya masa doka ba, sana'arsa ce. Ya zo da sarƙa, ya kuma zo da Gambo, abokin aikinsa, shofer mai permi, musamman don ya zauna a motar Baba. Tun daga nesa ya tsayar da kamiyo, ya sauko, ya cire takalmi a kan kwalta mai zafi, ya durƙusa ya gaida Baba, idonsa a ƙasa. Haka yake yi tun da aka ɗaura mana aure. Bai taɓa haɗa ido da Baba ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya hango shi a lungu sai ya sake hanya. A da abin yana burge ni, ina jin na auri ɗan mutunci.

Suka ɗaura sarƙa shi da Gambo. Ba jan ƙyalle, sai na cire jan kallabina na ja mayafi na rufe kai, aka ɗaura shi a tsakiya. Baba ya tambayi tutar mece ce wannan, ko biki ake yi. Maigida ya yi kamar bai ji ba, kuma iyakar jarumtar da ya nuna ranar ke nan. Gambo ya nufi ƙofar motar zai shiga, sai ya tarar Baba ya riga shi, ya zauna daram, ya gyara babbar riga, hannu biyu a kan sitiyari.

Gambo ya dubi maigida. Maigida ya dubi ƙasa. Can ya sake durƙusawa a gefen ƙofa ya fara wani dogon zagaye: wai hanyar akwai ramuka, wai jan mota akwai gajiya, wai da Baba ya huta a gaban kamiyo inda akwai iska. Ina tsaye ina jin kamar in shaƙe shi. Kalma ɗaya ce, ba ka da permi, doka ta hana. Ya kasa fitar da ita.

"Motata ce," in ji Baba. "Ba wanda za ya shiga da ita Madarumhwa sai ni. Ka ja mu tahi." Sannan ya juyo gare ni. "Ke, shigo ki zamna baya."

Na ce Baba ai jandarma ya ce kada kowa ya zauna ciki. Ya ce jandarma ne ya haife ni? Ba zai shiga gari da mota wayam ba kamar wanda ya rasa iyali. Na dubi mijina ina jira ya ce matata da 'yata su shiga kamiyo. Ya ɗauki takalmansa ya wuce. Na bi shi da sauri na rage murya na ce, ka san fa permin ka ne a kan sarƙar nan. Ya ce ya sani, amma ta yaya zai ce wa surukinsa fito? Zai tafi a hankali, Allah zai kiyaye. Na koma na shiga motar, raina yana tafasa.

Jan mota aikin mutum biyu ne. Na gaba yana duban na baya ta madubi, yana fito da hannu yana yi masa alama: taka birki, saki, koma gefe. Na baya kuma yana bin umarni. To ga na gaba wanda ba zai iya ɗaga wa na baya hannu ba, ga na baya wanda bai taɓa bin bayan kowa ba tun da ya yi wayo. Haka muka tashi.

Da farko lafiya lau. Amma Baba yana zaune ne a hannun dama, ba ya ganin komai sai gindin kamiyo da hayaƙi. Abin ya ci masa rai. Muka zo wuce wasu mutane a gona suna ɗaga hannu, ya lura ba sa ganinsa sosai, kamiyo kawai suke kallo. Sai ya fara murza sitiyari yana leƙowa tsakiyar hanya, sarƙa tana ƙara. Na ce Baba koma. Ya ce yana ganin hanya ne. Ya koma kaɗan, ya sake leƙowa fiye da na farko.

Daga inda nake a baya ta hagu ina hango tagar maigida. Na ga hannunsa ya fito. Na ce alhamdulillahi, yau dai zai yi magana ko da da yatsa ne. Hannun ya tsaya a iska, ya yi ɗan jim, sannan ya koma ciki a hankali kamar na mai satar nama a tukunya. Ya rage gudu kawai. Sau nawa hakan ta faru ban ƙidaya ba. Daga baya Gambo ya ce shi ma ya ce masa ya tsaya, maigida ya ce in ya tsaya me zai ce wa Baba?

Muna gab da inda ake sakin kwalta a kama hanyar garinmu, akwai wata 'yar kwana. Baba ya leƙo tsakiya, sai ga motar 'yan kasuwa ta ɓullo, cike da mutane da kaya, tana danna oda. Da ya koma dama bayan kamiyo, da shi ke nan. Amma abin da aka dasa masa a filin Idin Katsina shi ya tashi. Ina ji yana faɗi da bakinsa, hagu, hagu, ya murɗe sitiyari iya ƙarfinsa ya kai mu gaban motar mutane. Na ƙanƙame Ladi na yi salati. Direban nan, Allah ya saka masa, ya kauce ya faɗa gonar gero, motarsa ta yi tsalle a kan kunya ta kwanta a gefe. Tamu kuma sarƙa ta fizgo ta, ta daki bayan kamiyo, fitila ta tarwatse.

Ba wanda ya mutu. Amma wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta karye a hannu, wani ya fashe a goshi, buhunan wake sun yage, ga geron mutane da ya fitar da kai an kwantar da shi. Kafin ka ce me, masu gona sun taru, fasinjoji suna zage-zage, direban ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ana cikin haka jandarman nan ya dawo daga Ɗan Issa. Ya sa aka ɗora wa tsohuwar karare a hannu, aka tare wata mota ta wuce da ita Maraɗi, sannan ya dawo kanmu. Wannan karon ba sanyi a muryarsa.

Ya karɓi permin maigida ya riƙe. Ya tambayi me ya faru. Baba ya riga kowa. Yana tsaye yana kaɗe riga, ya ce yaron ne ya kwasa da gudu, ya fizgi motar, ta ƙwace. Ya ce shi tun farko bai so zama ciki ba, yaron ne ya ce ya zauna, ba komai. Ubana, da furfurarsa, da carbi a hannu. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska.

Jandarma ya juya ga maigida, wanda ya riga ya durƙusa, ba don jandarman ba, don Baba na tsaye kusa.

"Kai ka ce shi zamna?"

Maigida ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

"Da gudu kake?"

"Yadda Baba ya hwaɗi, haka ne," in ji shi.

Aka tambayi Gambo, ya ce shi yana gaban kamiyo, bai ga baya ba, kuma ba ya shiga tsakanin surukai. Jandarman ya gyaɗa kai, ya ce shofer da zai ɗora marar permi a motar da yake ja, ya kuma yi gudu har ya jefa mutane a gona, bai dace ya sake riƙe sitiyari ba. Ya buɗe aljihunsa ya zura permin ciki, ya danna maɓalli.

Ƙarar maɓallin nan na ji, ƙaramar ƙara, amma ni ta fi ta karon motar. Na tuna shekarun da mutumin nan ya yi yana ɗaukar buhu. Na tuna ba mu da gona. Na dubi Ladi tana shan yatsa. Na dubi mijina, yana durƙushe yana zane a ƙasa da tsinke, ya yarda ya koma ɗan dako, mu kwana da yunwa, don kada a ce ya ƙaryata surukinsa. Na dubi Baba ko zai ji tausayi ya gyara maganarsa. Yana duban fasasshiyar fitilarsa.

"Shef," na ce wa jandarman, "ni ina ciki. Ba haka aka yi ba."

Kowa ya juyo gare ni. Baba ya ce ke, da wata irin murya da tun ina yarinya take tsayar da ni cak. Ranar ba ta yi ba. Na faɗi komai, ban rage ba. Na ce maigidana ya zo da Gambo don ya riƙe motar, Baba ya hana. Na ce ni ma Baba ya tilasta ni zama ciki. Na ce tafiyar ko jaki zai iya bin mu. Na ce Baba ba shi da permi, a Katsina ya koyi zagaye, kuma da ya ga mota ta taho sai ya yi hagu irin na can, ina ji yana faɗi da bakinsa. Har maganar direban da ya ce ya tafi neman taimako, na ce babu wani direba. Ina magana ina kuka don haushi, amma ban yi tuntuɓen kalma ko ɗaya ba.

Jandarman ya je ya duba sawun taya a kan kwalta, ya duba kallabina da ke ɗaure a sarƙa, ya tambayi direban 'yan kasuwa wace mota ce ta shigo masa, ya nuna baƙar. Sannan ya dawo ya tsaya a kan maigida.

"Surukinka ne?"

Maigida ya gyaɗa kai. Jandarman ya daɗe yana dubansa. Ina jin shi ma yana da nasa surukin a wani gari. Ya ciro permin ya miƙa masa, ya ce wannan karon kaɗai, kuma ya sani kwalta ba zauren gaisuwa ba ce, in ba zai iya ɗaga wa mutum hannu ba, kada ya ɗaura masa sarƙa. Ya ce Gambo ya shiga baƙar motar. Baba kuwa aka ce ya hau bayan babur, za a tafi da shi Maraɗi ya yi bayani. Alhaji guda, da babbar riga, a bayan babur, mutanen gona na kallo. Ko ni da na jawo abin sai da na kau da kai.

Na shiga gaban kamiyo. Na zaci mijina zai ce wani abu, ko da sannu ce. Ya mayar da permin cikin gidansa na fata, ya sa a aljihu, ya shafa wurin. Muka kama hanya, hannunsa yana fita ta taga yana yi wa Gambo alama, tsaf, yadda ya kamata tun farko. Sai da muka hango ruwan tabki sannan ya buɗe baki.

"Kin ba ni kunya, Barira. Da wane ido zan dubi Baba?"

Na ce da wanda ka saba, ai ba ka taɓa dubansa ba.

Washegari shi ya kwashi dattawan unguwa a kamiyo suka je Maraɗi aka yi belin Baba. Aka biya tara, aka yi wa tsohuwa magani, aka ba masu gona haƙuri. A zauren Baba, gaban kowa, mijina ya durƙusa ya nemi gafara a madadina, wai yarinta ce da firgita. Baba ya sa masa albarka, ya ce shi kam ya yi dacen suruki, yaro mai kunya, ya yarda a karɓe masa abincinsa bai ɗaga kai ba. 'Yar ce dai Allah ya jarrabe shi da ita. Da na je gaishe shi na durƙusa a ƙofar ɗaki, ya juya wa bango fuska ya ci gaba da jan carbi. Innata ta ce in yi haƙuri, zai huce. Mata a bakin rijiya kuwa in na iso sai hira ta mutu.

Shekara ta zagayo, rediyo ya ce Nijeriya ta koma hannun dama kamar mu. Baba ya zauna a ƙofar gida yana gaya wa duk mai wucewa cewa ga shi nan, hukumomi da kansu sun gane rikicin nasu ne, da sun yi haka bara da ba abin da ya same shi. Mutane suka ce gaskiya ne Alhaji. Motar tana nan gindin darbejiya inda Gambo ya ajiye ta, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar da na zauna. Ba ta ƙara tashi ba.

Bayan nan fari ya zo, fataucin Baba ya karye, ƙafa kuma ta hana shi fita. Mu dai kamiyo bai tsaya ba, ana jigilar hatsin taimako, permi yana aljihu, tukunyarmu ba ta kwana a kife ba. Duk abin da na girka sai na zuba wa Baba nasa a kwanon da ya fi kyau, in sa nama a sama in ya samu, in kai da kaina. Ina sallama a ƙofar ɗaki, ba ya amsawa. Inna ke fitowa ta karɓa. Yana cinyewa tas, don ban taɓa ganin an dawo da saura ba.

Da yamma Inna takan kawo kwanon a wanke, ta tsaya a tsakar gida ba ta dube ni ba, ta isar da saƙon kamar yadda aka ba ta. Alhaji ya ce a gaida Ɗan Azumi, an gode, Allah ya yi masa albarka.